Ƙuri'a Da Ɗakin Shan Magani

Duk lokacin da zaɓen ƙananan hukumomi ya gabato, 'yan takarar kansila da na shugabancin ƙaramar hukuma a ƙasar Gumel sukan bi gari-gari suna yi wa jama'a bayanin abin da suka tanada game da kiwon lafiya. Wannan abu ne mai kyau. Sai dai sau da yawa bayanin yakan ƙare a kan alkawarin gina sabon asibiti, alhali kuwa abin da ya fi damun talaka shi ne ɗakin shan maganin da ke mazaɓarsa: ko akwai ma'aikaci a ciki, ko akwai magani, ko mace mai naƙuda za ta sami ungozoma cikin dare.

Ƙananan hukumomin Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar suna da dalili na musamman na ɗaukar wannan magana da muhimmanci. Maigatari tana bakin iyaka da Jamhuriyar Nijar, kasuwarta ta Alhamis tana tara fatake da dabbobi daga nesa, ga kuma yankin ciniki maras shinge da aka kafa a zamanin Gwamna Saminu Turaki. Inda mutane suke cuɗanya haka, cuta ma takan sami hanya. Annobar sanƙarau da ta ɓulla a jihar Damagaram a ƙarshen 2022 ba ta tsaya a kan iyaka ba, domin a wannan kakar Jigawa ce ta fi kowace jiha a Nijeriya yawan waɗanda aka yi zaton sun kamu. A watan Maris na 2024, lokacin da Nijeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta yi amfani da sabuwar allurar rigakafin sanƙarau mai suna Men5CV, waɗannan ƙananan hukumomi huɗu, tare da Ɓaɓura da Birniwa, suna cikin wuraren da aka fara kai ta.

Tsarin Mulki na 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi hannu a cikin samar da ayyukan lafiya da kula da su. A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa ba su kasonsu na kuɗin Tarayya kai tsaye. Saboda haka wanda ya nemi kujera ya san nauyin da yake nema.

Ya kamata mai jefa ƙuri'a ya yi wa ɗan takara tambayoyi ƙayyadaddu. Ɗakunan shan magani nawa ne a mazaɓar, nawa ne suke aiki? Wace mota za ta ɗauki maras lafiya zuwa Babban Asibitin Gumel? Wane shiri zai yi kafin zafin bazara, lokacin da sanƙarau ya fi yaɗuwa? Wanda ya kasa amsa waɗannan tun yana neman ƙuri'a, da wuya ya amsa su bayan ya hau kujera.

Wannan jarida tana kira ga ma'aikatan gwamnati da ɗalibai, waɗanda jama'ar karkara suke jin maganarsu, da su rubuta alkawuran da aka yi a gabansu, su karanta wa iyaye da dangi, su kuma fita ranar zaɓe. Bayan shekara guda a fito da takardar, a tambayi wanda aka zaɓa ina aka kwana. Alkawari kaya ne, kuma a sha'anin lafiya rashin cika shi rai yake ci.