Bango na ƙasa, itace na gona



Kwanan nan samarinmu masu dawowa daga ci-rani suna nuna mana hotunan gidajen Turai a cikin waya. Bango duka katako ne, babu tubali ko ɗaya. Har wasu sun fara cewa mu ma mu yi haka. Ni kam ban yarda ba, ga kuma dalilina.

Mutanen ƙasar Finlan suna gina gidan katako don kurmi ya rufe wajen kashi 3 cikin 4 na ƙasarsu. Mu fa? Dattawanmu ba su manta da farin 1973 da na 1984 ba, lokacin da itatuwa suka mutu, iska ta dinga binne shuka da rairayi. Da kyar gonakinmu suka farfaɗo, bayan manoman Maradi da Damagaram sun koma barin tohon itace in suna sassabe. Ku duba gawo a gonakin Matamaye da Magarya. Ganyensa taki ne, ƴaƴansa abincin bisashe ne. Gawo nawa za a kayar kafin a tada ɗaki guda? Kuma dajin Takieta gandun hukuma ne, ba a sara a ciki yadda aka ga dama.

Ban da wannan, katako yana da abokan gaba biyu a ƙasarmu: gara da gobara. Wanda ya taɓa ganin wuta ta kama danga da hunturu ya san abin da nake faɗi. Bangon ƙasa mai kauri kuwa ba ya cin wuta. Da bazara yana tsare zafin rana, da dari yana riƙe ɗumi.

Gaskiya ne, ƙasa ba ta son ruwa. Maganinta a tada tushe da tsawo, a gyara indararo, a yi yaɓe kafin damina. Fadar Sarkin Damagaram da ƙasa aka gina ta, ta haura shekara 150, tana nan tsaye a Birni.

Ko rufi ma ana iya rage itace. Tun wajen 1980 aka fara koya wa magina a Nijar yin rufin tulluwa da bulon ƙasa zalla, babu azara.

Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Mai shirin gini bana, ya buga tubalinsa da rani, ya nemi magini gwani, ya bar itace tsaye a gona don ƴaƴansa. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.