Ɗan riƙo mai ƙafa huɗu

Bara da tsakiyar damina, mota ta take wata karya a kan hanyar Funtua, daf da fita garin Malumfashi. Ta bar 'ya'ya uku a cikin kwalbati. Biyu ruwa ya tafi da su. Na ukun wani tsohon mafarauci ya tsinta yara suna jifansa, ya sa shi a burgamensa ya kai gida. Mako shida yana ba shi koko da 'yar madara a murfin gwangwani, har idonsa ya yi ƙwari. Ranar da muka haɗu a gona ya ce mini, "Malam, karnukana sun yi mini yawa, ga hatsi ya yi tsada. Kai da kake kukan ɓarayin masara, ga ɗan riƙo nan in kana so."

Na karɓa, kuma na sha magana.

Kwikwiyon ruwa biyu ne. Ƙirar jikinsa ta karen farauta ce, siriri mai dogayen ƙafafu, amma gashin wuyansa da tsayuwar kunne ɗaya sun nuna akwai karen Bature a danginsa. Ɗayan kunnen har yau a kwance yake kamar ganyen kuka da ya sha rana. Inna ta ce kada ya taka mata tsakar gida, ban kuwa musa ba, domin gaskiyarta. Na yi masa 'yar rumfa ta kara a bayan rumbu, inda muke kwana lokacin girbi. Da surutun maƙwabta ya ishe ni sai na raɗa masa suna Bar-su, kamar yadda mafarauta ke yin habaici da sunan kare.

Masu cewa haramun ne ba su natsu sun duba ba. Shari'a ta yarda a riƙe kare don farauta da kiwo da tsaron shuka, kuma a mazhabar Malikiyya da muka tashi a cikinta kare mai rai ba najasa ba ne, ko da yake an ce a wanke ƙwaryar da ya sa baki a ciki sau bakwai. Malamai ma suna kawo labarin Ibn Abi Zaid, mai Risala, wanda ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi, saboda tsoron miyagu. Mu da muke noma a yankin da mutum ba ya iya kwana a gona da ido biyu rufe, ai ba sai an yi mana dogon sharhi ba. Abin da aka hana shi ne ajiye shi don ado, kuma nan ne nake mamakin samarinmu da ke zuba dubban nairori su sayo karen ƙasar waje daga Kaduna ko Jos, su ɗaure shi da sarƙa cikin zafin bazara yana haki, alhali ga na gida nan suna yawo a juji, sun san zafinmu, sun san kaskarmu, tuwon jiya ma ya ishe su.

Tsoron da na yarda da shi ɗaya ne, ciwon haukan kare. Wannan ba wasa ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, da yawansu yara ne, kuma kusan duk ta hanyar cizon kare. In alamomi suka bayyana, sai dai a yi haƙuri. Amma duwatsu da guba ba su taɓa kawar da shi ba. Ka kashe karnukan unguwa yau, wasu su shigo gobe, tunda jujin mahauta na nan. Masana sun ce in aka yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan wuri allura, cutar ba ta samun hanyar yaɗuwa. Allurar ma ana yin ta a nan ƙasar, a cibiyar binciken dabbobi ta Vom, ga kuma asibitin dabbobi na jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, ba nisa. Karen da ke da ubangida ana iya kama shi a yi masa allura. Wanda ba shi da kowa, wa zai riƙe shi?

Da Bar-su ya cika wata uku na ɗora shi a babur cikin kwali na kai wa malamin dabbobi. Ya yi masa allura, ya ba shi maganin tsutsa, ya ce in dawo baɗi, kuma in ya taɓa cizon wani a wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15 a wuce asibiti, kada a tsaya neman mai tofi. Kuɗin duka bai kai na buhun masara ɗaya da ake sace mini kowace shekara ba.

Ba zan ce ba wahala. Ya cinye wa maƙwabciya 'yan tsaki biyu kafin ya san iyakarsa, na biya ta da ban haƙuri. Ran 28 ga Satumba, ranar yaƙi da ciwon haukan kare ta duniya, ina roƙon ƙaramar hukuma ta kafa rumfar allura kyauta a kasuwa, a kira mafarauta da makiyaya tun da wuri ta bakin masu unguwanni. Ni dai zan je da nawa. Inna har yanzu ba ta kiran sunansa, amma da daddare ita ke ajiye ƙanzo a tsohon kwano ta ce a kai wa "wancan na bayan rumbu".