"Zai fito a WAEC" ba amsa ba ce

1/ Duk wanda ya yi sakandare ya san tambayar nan: "Malam, wannan x ɗin a ina zai yi min amfani?" Amsar kullum ita ce "zai fito a WAEC." A ganina wannan amsar ce take kashe wa yara sha'awar lissafi da kimiyya. Zare 🧵

2/ Mu fara da taki. Buhun yuriya kilo 50 ne, kashi 46 cikin ɗari naitirojin ne, wato kilo 23. Buhun kamfa 15-15-15 kuma kilo 7.5 kawai yake da shi. Ka ga sai kamfa uku sannan su kusa kamo yuriya ɗaya a naitirojin. Ɗan manomi ya koyi kaso cikin ɗari da wannan, wallahi ba zai manta ba.

3/ Sola fa? Batir mai 12V 200Ah yana ɗauke da 2,400Wh. Idan irin na dalma ne, rabi ake so ka sha don kada ya mutu da wuri, saura 1,200. Fanka mai wat 60 da ƙwai uku masu wat goma-goma, 90 ke nan. Raba ka gani: kusan awa 13. Fiziks ɗin aji ne, amma da shi masu haɗa sola suke cin abinci.

4/ Tumatir ɗanye kusan duk ruwa ne, ƙwarin cikinsa wajen kashi 5 ne. Na gwangwani ana so ya kai wajen kashi 28. Raba 28 da 5, za ka ga sai an dafe sama da kilo biyar da rabi kafin a samu kilo ɗaya. Yaron Kadawa ko Kura da ya yi wannan lissafin ya fara fahimtar dalilin da ya sa kamfani da manomi suke ja-in-ja kan farashin kwando.

5/ A marinar Kofar Mata, zane yana fitowa daga ruwan baba da ɗan kore-kore, iska tana bugunsa ya koma shuɗi. Aikin oksijin ne. Abin da ake sa mu haddace a kemistiri, marina suna yin sa tun kaka da kakanni.

6/ Ga kuma matsalar da take jiran mafita: masana'antun fata na Challawa da Sharaɗa suna jima da sinadarin kuromiyom. Yaya za a tace ruwan kafin ya gangara kogi? Ka ba ɗan SS2 wannan tambayar, ka ga yadda zai buɗe littafi da kansa.

7/ Na san za a ce aji ya cika, babu kayan gwaji, albashin malamai bai taka kara ya karya ba. Gaskiya ne. Amma duk misalan nan alli da allo kawai suke buƙata. Tambayar za a canja.

8/ Yanzu sai ɗalibi ya yi nisa a jami'a yake fita IT ya ga masana'anta. A lokacin da yawa sun riga sun gudu daga kimiyya tun JSS3. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

9/ Malamai, ku ɗauko misali ɗaya daga garinku a kowane darasi. Masu kamfani, ku buɗe wa makarantu ƙofa ko sau ɗaya a zango. Masu shirya jarrabawa, ku sa irin waɗannan tambayoyin, don abin da zai fito shi ake koyarwa.

10/ Kai fa, wace sana'a ce a unguwarku da lissafi yake ɓoye a cikinta? Ku ajiye a ƙasa, malamai su samu na ɗauka.