Ƙungiyar Sikawut a Makaranta: A Nemi Yardar Iyaye Kafin a Nemi Yara

Gabatarwa

Kowace ranar 27 ga Mayu, wato Ranar Yara a Nijeriya, akan ga 'yan sikawut a filin fareti sanye da kaki da ƙyallen wuya, suna maci, suna tare cunkoso, suna kai ruwa ga wanda rana ta buga. Jama'a su yi tafi, taro ya watse. A makarantu da dama, daga nan ba a ƙara jin ɗuriyarsu sai ranar 1 ga Oktoba. Malamin da aka ɗora wa ƙungiyar yakan koka da cewa sababbin yara ba sa shiga, tsofaffi kuma suna zarewa ɗaya bayan ɗaya. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, ba yara ne suka guji sikawut ba. Yaro ɗan shekara goma ba ya buƙatar lallashi kafin ya so kaki da usur da kwana a tanti. Mahaifinsa da mahaifiyarsa ne ba a gamsar ba, su ne kuwa ke da ikon cewa je ka ko zauna. Don haka duk wani yunƙuri na haɓaka ƙungiyar da bai faro daga zauren gida ba, aikin baban giwa ne.

Asalin Ƙungiyar

Wani hafsan sojan Ingila mai suna Robert Baden-Powell ne ya kafa harsashin sikawut. A watan Agusta na 1907 ya tara yara maza ashirin a tsibirin Brownsea, ya kasa su rukuni huɗu, kowane rukuni da shugabansa daga cikin yaran. Ya koya musu kafa tanti da bin sawu da ceton rai da lura da abin da ke kewaye da su. A 1908 ya wallafa littafin da ya yaɗa tsarin, a 1910 aka kafa ɓangaren 'yan mata, a 1920 kuma aka yi babban taron duniya na farko a Landan. Sikawut ya shigo Nijeriya a 1915, ƙasar kuma ta shiga ƙungiyar duniya a 1961. A yau 'yan ƙungiyar sun haura miliyan 50 a ƙasashe fiye da 170.

Akwai abu biyu a labarin zangon farkon nan da ya kamata ɗalibi mai koyon malanta ya lura da su. Na farko, kafin a tafi sai da Baden-Powell ya rubuta wa iyaye wasiƙa, ya bayyana abin da za a koya wa 'ya'yansu da yadda za a kula da abinci da tsabta. Na biyu, ba a yanka wa kowa kuɗi ɗaya ba: 'ya'yan masu hali sun biya fam ɗaya, sauran kuwa sule uku da sisi. Wato tun ran gini ran zane, ƙungiyar ta fara ne da neman amincewar iyaye da kuma la'akari da aljihunsu.

Abin da ke Hana Iyaye

Iyaye ba su cika faɗa wa malami dalilin ƙin su ba. Uba yakan ce, “To Malam, za mu duba,” shi ke nan maganar ta mutu. Amma dalilan ba ɓoyayyu ba ne.

Na farko shi ne zargin asali. Abu ne da ya zo da Turawan mulkin mallaka, wanda ya kafa shi soja ne da ya shiga yaƙin Ashanti a ƙasar da ake kira Ghana a yau. Ga kaki, ga sarawa, ga alkawarin da ake ɗauka da ɗaga yatsu uku. Mahaifin da ba a yi wa bayani ba yana iya ɗaukar cewa ana shirya ɗansa ne don aikin soja, ko ana so a raba shi da addininsa. Na biyu shi ne kuɗi. Magidancin da ke fama da kayan makaranta da littattafan yara biyar ba zai yi marhabin da wani ɗinkin kaki da takalmi da hula ba. Na uku shi ne lokaci, domin yammacin da ake taron sikawut shi ne na Islamiyya ko na coci, ko na aiken gida da taya uba aikin kasuwa ko gona. Na huɗu, wanda ya fi nauyi, shi ne tsoro. Tun bayan sace 'yan matan Chibok a 2014 da ɗaliban Ƙanƙara a 2020, kalmar kwana a daji ta isa ta sa uwa ta kama hannun ɗanta. Akwai kuma tsoron miyagun manya masu ɓata yara. Wannan ba zato ba ne kawai: a 2020 ƙungiyar sikawut ta Amurka ta shigar da takardar karayar arziki a kotu sakamakon ƙararrakin cin zarafin yara, inda mutane dubbai suka kawo koke. Malamin da ya raina waɗannan dalilai, ya kira su jahilci, ya riga ya rasa iyayen.

Hanyoyin Samun Yardarsu

Hanya ta farko ita ce a bi ta ƙofar da al'ada ta tanada. Takardar sanarwa da aka manna a bangon makaranta da Turanci ba ta isa tsakar gida. Masu iya magana sun ce da ɗan gari kan ci gari. Malami ya nemi shugaban makaranta ya raka shi wurin mai unguwa da liman, da shugaban coci idan akwai, ya yi musu bayani da harshen da suke ji. Ya nemi a ba shi minti goma a taron ƙungiyar iyaye da malamai. Su kuwa iyaye mata, waɗanda galibi ba sa halartar irin wannan taro alhali su ne suka san inda yaro yake wuni, sai a tura musu malama ta shiga gida-gida, ko ta same su a makarantar matan aure.

Hanya ta biyu ita ce a kwatanta baƙon abu da sanannen abu. Ƙasar Hausa ta daɗe da sanin ƙungiyar samari mai sarkinta da dokokinta, ta san aikin gayya, ta kuma san 'yan agaji masu kaki da ke tsare sahu a masallacin Idi. Tsarin da ake ba yaro shugabancin 'yan'uwansa shida ko takwas bai yi nisa da wannan ba. Duk wanda ya sauke farali kuma, ya ga 'yan sikawut na Saudiyya a Mina suna mayar da alhazan da suka ɓata masaukinsu. Alhajin da ya taɓa cin moriyar wannan hidima ya fi kowace takarda iya kawar da zargin cewa sikawut na yaƙi da addini. Alkawarin ƙungiyar ma da sauke haƙƙin Ubangiji ya fara, kowane yaro bisa addinin iyayensa.

Hanya ta uku ita ce nunawa, domin gani ya kori ji. Fareti yana burge yara, amma uba amfani yake nema. A ware rana guda a kowane zangon karatu a gayyaci iyaye, su ga 'ya'yansu suna tsayar da jinin rauni, suna ɗaure karaya kafin a kai asibiti, suna haɗa ruwan gishiri da sukari don mai gudawa, suna kashe wutar risho ba tare da watsa mata ruwa ba. A bar yaran su yi bayani da bakinsu. Haka kuma a riƙa ganin ƙungiyar a cikin unguwa: yashe magudanar ruwa kafin damina, dasa itatuwa a harabar makaranta da ba su ruwa har su kama, share maƙabarta ko asibitin sha-ka-tafi. Ranar da uwa ta ga ɗanta ya taimaki ƙanensa da ya ƙone, ita ce za ta kai labarin gidan biki, kuma babu sanarwar da ta kai wannan tasiri.

Hanya ta huɗu ita ce sauƙaƙa kuɗi da gyara lokaci. Kada kaki ya zama sharaɗin shiga. Yaro ya fara da kayan makarantarsa da ƙyallen wuya kawai, a ajiye kakin waɗanda suka gama makaranta don masu tasowa. A zauna da malaman Islamiyya a tsayar da ranar da ba ta ci karo da karatunsu ba, a kuma tashi kafin magariba.

Hanya ta biyar ita ce tsayar da dokokin kare yara, a kuma karanta wa iyaye su a fili. Babba ɗaya kada ya keɓe da yaro ɗaya. Kowane taro manya biyu aƙalla. 'Yan mata su kasance a hannun malamai mata. Ba a fita da yaro sai da rubutaccen izinin mahaifinsa. Inda tsaro ya taɓarɓare, a yi zangon wuni a cikin harabar makaranta, kowa ya kwana gidansu. Kuɗin da aka tara kuma a rubuta shi, a bayyana yadda aka kashe.

Ga Masu Ganin Ɓata Lokaci Ne

Wasu malamai kan ce yaron da bai iya karatu da lissafi ba, me zai yi da ƙulla igiya? Maganar tana da ƙanshin gaskiya, domin sikawut ba zai maye gurbin aji ba. Sai dai awannin da ke tsakanin tashi daga makaranta da faɗuwar rana ba su zama fanko. Idan makaranta da gida ba su cike su ba, majalisar bakin titi za ta cike su, can kuwa ake koyon shaye-shaye da daba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da aka ba amanar yara shida ya koyi zuwa a kan lokaci da riƙe alkawari da magana a gaban jama'a, waɗannan kuwa suna bin sa har cikin aji.

Kammalawa

Sau da yawa sabon malami ake miƙa wa ƙungiyar sikawut a shekararsa ta farko, saboda ƙuruciyarsa. Zai iya auna nasararsa da yawan yaran da suka fito fareti, amma ma'aunin da ya fi inganci shi ne yawan iyayen da suka san sunansa, suka san ranar taro, suka san abin da ake koyarwa. Kafin ya sayi usur, ya fara rubuta sunayen gidaje goma da zai je gaisuwa. Idan gida goma suka yarda, suka kuma ga canji a halin 'ya'yansu, su da kansu za su kawo na maƙwabta.