FILIN MANOMA: Yadda Ake Katange Agwagi Daga Muzuru Da Shirwa A Gombe

Duk wanda ya zaga unguwannin Bolari, Pantami, Jekadafari da Tudun Wada a cikin garin Gombe da sanyin safiya, ba zai rasa cin karo da agwagi suna tafe a jere a bakin kwata ba. Da yawa daga cikinsu na matan aure ne da tsofaffi, waɗanda suka mai da wannan kiwo asusu, watau abin da za a kama a kai kasuwa ran da kuɗin makaranta ko na magani ya taso. Abin baƙin ciki shi ne, uwa takan fito da 'ya'ya 12 ko fiye, amma kafin wata ya cika sai a ga saura 'yan kaɗan ke bin ta.

Wannan hasara ba ƙarama ba ce, domin agwagwar gida, wadda asalinta daga Amurka ta Kudu da ta Tsakiya ne, kwana 35 take yi a kan ƙwai kafin ta ƙyanƙyashe, alhali kaza kwana 21 kurum take yi. Hausawa sun ce zakaran da Allah ya nufa da cara, ana muzuru ana shaho sai ya yi. Haka ne, amma tawakkali bai hana a ɗaure raƙumi ba.

Abokan gaban agwagwa kashi huɗu ne. Akwai na sama, watau shirwa da shaho da hankaka, masu surar 'ya'ya da rana tsaka. Akwai masu hawa da tsallake katanga, kamar muzuru da kare. Akwai masu haƙa ko kutsawa ta ƙaramar kafa, su ne gafiya da ɓera da tunku da guza da maciji, waɗanda suka fi son ƙwai da sababbin ƙyanƙyasa. Na huɗu kuwa shi ne ɓarawo mai ƙafa biyu. Akurkin da ya tare uku ya bar ɗaya bai gama aikinsa ba, gama sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Abu na farko shi ne zaɓen wuri. Garin Gombe yana cikin kwari ne, ƙasarsa kuma rairayi ce mai sauƙin zaizaya, kamar yadda kwazazzaban da suka ratsa unguwanni suke nunawa. Saboda haka a nemi tudu a cikin gida, nesa da hanyar ruwa, domin kada ruwan watan Agusta ya cinye ƙasar gindin shinge ya buɗe wa tunku ƙofa. A kuma nisanci tarin itace da juji da tsofaffin bulo, inda ɓera da maciji suke fakewa.

Ga mai agwagi 6, watau toro ɗaya da mata 5, ɗakin kwana mai faɗin ƙafa 4 da tsawon ƙafa 6 ya isa, sa'an nan a haɗa shi da filin wuni mai faɗin ƙafa 6 da tsawon ƙafa 10. Tsayin shingen ya kai ƙafa 6, yadda mutum zai shiga ya yi shara a tsaye. Dirkoki su kasance na azara ko na ƙarfe, gama gara ba ta jimawa take cinye katakon da aka binne.

Rairayi ba ya yi wa mai haƙa wuya, don haka tushe shi ne rabin aikin. A haƙa rami mai zurfin ƙafa ɗaya kewaye da wurin duka, a jera bulo a ciki, a ɗora layi biyu a bisa ƙasa. Wanda ba shi da halin bulo, sai ya shimfiɗa raga a ƙasa daga gindin shinge zuwa waje kamar ƙafa 2, ya rufe ta da ƙasa da duwatsu. Dabbar da ke haƙa, a gindin shinge take farawa. In ta ci karo da waya sai ta haƙura.

Wajen sayen raga a yi hattara, domin araha ba ta ado. Siririyar ragar kaji mai manyan idanu tana hana tsuntsu fita, amma kare yana iya yage ta, ɓera da maciji kuma suna ratsawa. Abin da ya dace shi ne raga mai kauri wadda idonta bai wuce rabin inci ba. In kuɗi bai kai ba, a sa mai kaurin daga ƙasa zuwa ƙafa 3, a ƙarasa sama da ɗayar. Har ila yau wajibi ne a rufe sama, ɗakin kwana da kwano, filin wuni da raga, a ɗora zana ko ciyawa domin inuwa, tun da zafin watannin Maris da Afrilu yakan kai digiri 40. Rufin kuma zai hana agwagin tashi su faɗa gidan maƙwabta, abin da yakan jawo ɓacin rai tsakanin mutanen da suka daɗe suna zaman lafiya.

Kafinta ya yi ƙofa wadda ta zauna daram, ba tare da ratar da yatsa zai shiga ba, a sa mata sakata sama da ƙasa da kuma kwaɗo. A buɗe tagogi can sama a jikin ɗakin, a rufe su da raga, domin kashin agwagwa mai ruwa ne, ɗakin da ba iska kuwa cuta yake haifarwa. A daɓe ƙasa da siminti, a zuba buntun shinkafa ko ƙaiƙayi, a riƙa kwashewa ana kai wa gona taki.

Ruwa da abinci a filin wuni ake ajiye su. Daron ruwa ya yi zurfin da agwagwa za ta tsoma kanta duka, a kuma jefa dutse a ciki domin 'ya'yan su sami matakin fita. Da magariba a ƙirga su, a kulle, a kwashe sauran dusa da ƙwan da ba na kwanci ba. Dusa ke kiran ɓera, ɓera kuma ke kiran maciji, kuma jihar da ke da asibitin masu saran maciji a Kaltungo ba ta bukatar a yi mata dogon bayani. Kada a aiki yaro ɗaukar ƙwai cikin duhu ba fitila. Uwa mai sababbin 'ya'ya kuwa a keɓe mata sashe, domin toro yakan tattake su.

Bugu da ƙari, akwai abokin gaban da ido ba ya gani. A watan Fabrairu na 2006 aka tabbatar da ɓullar murar tsuntsaye a wata gonar kaji a Jaji ta Jihar Kaduna, kuma a 2008 aka gano ƙwayar cutar a jikin agwagwa a kasuwar tsuntsaye ta Gombe. Agwagwa tana iya ɗauke da cutar ba tare da ta nuna alama ba. Rufaffen akurki yana raba ta da tsuntsayen daji irin masu sauka a madatsar ruwa ta Dadin Kowa. Wadda aka sayo daga kasuwa a ware ta har mako 2 kafin a haɗa ta da na gida. In an ga mutuwa a jere, kada a yanka a ci, kada a kai kasuwa. A sanar da likitan dabbobi, wanda zai aika da samfur cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom.

Ko shakka babu aikin yana cin kuɗi, amma ba dole ne a yi shi rana ɗaya ba. A fara da ɗakin kwana, tun da yawancin ɓarna da dare ake yin ta, sa'an nan a ƙara filin wuni in an sayar da toron farko. Magidanta su taimaki iyalinsu da bulo da ladan magini tun kafin damina ta sauka. Allah ya sa albarka a cikin kiwo, amin.