Jinyar Motsa Ido: Mu Karɓe Ta Da Ilimi

Duk wanda ya taɓa zama da mutumin da ya tsira daga harin 'yan bindiga ya san cewa raunin zuci ya fi na jiki daɗewa. Ƙarar ƙofa kan firgita shi, barci ya ƙaurace masa, abin da ya gani ya riƙa dawo masa tamkar yanzu yake faruwa. A kan wata hanyar jinyar wannan ciwo nake son yin tsokaci.

A shekarar 1987 ne wata Ba'amurkiya, Francine Shapiro, ta lura cewa tunanin da ke damun ta yana sassautawa idan idanunta na kai-komo. Ta wallafa bincikenta na farko a 1989, daga nan aka samu hanyar da ake kira EMDR. Majinyaci zai tuno abin da ya same shi yana bin yatsun mai jinya da ido, hagu da dama, na 'yan daƙiƙoƙi, sannan a dakata a ji abin da ya taso masa. Masana da dama na ganin cewa raba hankali gida biyu ne ke rage kaifin hoton da ke zuciya. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya hanyar cikin waɗanda ta amince da su wajen jinyar firgicin da ke biyo bayan tashin hankali.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne, ba dole ne majinyaci ya zayyana komai dalla-dalla ba. Ga al'umma mai kunya irin tamu, musamman matan da aka ci wa zarafi tun ɓarkewar rikicin Boko Haram a 2009, wannan babban sauƙi ne.

Sai dai akwai abin lura. Hujjar amfaninta ga ciwon damuwa da yawan fargaba ba ta kai ƙarfin ta firgici ba, masana kuma na ci gaba da muhawara kan rawar da motsin idon kansa ke takawa. Haka nan, jinyar matakai 8 gare ta, kaɗa yatsa kuwa yanki ne kawai. Wanda ya tono miki alhali bai san yadda ake rufe shi ba, ya ƙara wa majinyaci azaba. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Don haka nake kira ga asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Maiduguri da Kaduna da Kware su horas da ma'aikatansu masu jin Hausa da Kanuri da Fulatanci, a ƙarƙashin kulawar ƙwararru. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sanya wa hannu a 2023 ta share fage; saura hukumomi su tantance wanda ya cancanci yin wannan aiki, tun kafin 'yan damfara su riga mu zuwa wurin waɗannan bayin Allah.