Ciwon Dajin Tumbi da Daskarewar Jini

Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna kusan mutum miliyan ɗaya suka kamu da ciwon dajin tumbi a shekarar 2022. Amma fa ba ƙarin da ya tsiro a tumbin kaɗai ke kisa ba. Cutar takan sa jini ya daskare cikin jijiya, galibi ta ƙafa. In gudan ya ɓalle ya toshe jijiyar huhu, mutum na iya cikawa nan take.

Wani likitan Faransa, Armand Trousseau, shi ya bayyana wannan a 1865. Ikon Allah, ya ga alamar a hannunsa, a 1867 kuwa dajin ciki ya zama ajalinsa.

Wahalar ita ce, maganin tsinka jini, kamar allurar hefarin, yana iya jawo zubar jini daga tumbin da ya riga ya yi rauni. Gaba kura, baya sayaki. Don haka awon magani sai likita. Majinyacin da ƙafarsa guda ta kumbura, ko numfashinsa ya sarƙe, asibiti za a kai shi a ranar, ba wurin wanzami ba. Allah ya sawwaƙe, amin.